Tafinta Ɗan Shekara Tara

A Fresno, bayan layin dogo,
inda jirgin kaya ke girgiza kofunanmu da asuba,
gidanmu ne na uku, mai ƙofar da ta ƙi rufuwa,
da ɓauren da ya miƙa wuya zuwa gidan maƙwabta.

Sunana Efraín. Shekarata tara.
Bakina ɗaya, harsuna biyu ke kwana a ciki:
Sifaniyanci na madafa, mai ƙamshin masara da barkono,
Turanci na aji, mai sanyin benci da safe.

Uwata Herminia takan riga zakara tashi,
ta ɗaure fuska da ƙyalle, ta nufi gonar inabi,
ta dawo da yatsu shuɗaye da ciwon baya.
Duk takardar da ta shigo gidan, a hannuna take sauka,
ta wuta, ta asibiti, ta haya.
Ni ne kunnenta a banki,
ni ne bakinta a gaban likita.
Na san kalmar bashi a harshe biyu
tun ban iya ɗaure igiyar takalmi ba.

Layinmu ba ya barci da wuri.
Don Anselmo na tura amalanken ƙanƙara mai zaƙi,
ƙararrawa uku, ɗaya ta dishe.
Yolanda a bakin taga tana taje gashin ƙanwarta,
rediyonta na kukan wani ƙauye da ba mu taɓa gani ba.
'Yan gidan Quiroz kuwa ƙafafunsu kawai muka sani,
shekara biyu suna ƙarƙashin mota guda,
ba ta tashi ba, ba su haƙura ba.

Ran Talata mai gidan haya ya zo.
Bai shigo ba. Daga kan matakala
ya dubi rufin da ke yoyo, ya dubi bokitin da muka tara,
ya ce irinmu ne ke ruɓar da gida,
in bai yi mana ba, hanyar da ta kawo mu tana nan.

Uwata ta dube ni. "Me ya ce?"
Yawu ya ƙafe mini.
Na ce, "Wai zai turo mai gyara ran Juma'a."
Ta goge hannu a zani. "Ce masa mun gode."
Na juya, gwiwata na rawa,
na ce masa ko sisi ba zai gani ba
sai ruwan sama ya daina kwana a ɗakinmu.
Kunnensa ya yi ja. Ya tafi bai rufe ƙyaure ba.

Da dare tana murza ƙullu a tafin hannu,
kyandir na ci gaban hoton Maryamu,
ba ta ko ɗago kai ba ta ce,
"Ɗana, zagi ba ya neman tafinta.
Ni kuma kalma biyu na aike ka da ita,
na ji ka sauke masa buhu guda."
Na jira mari.
Sai ta tura mini ta farko da ta sauka daga tanda,
mai zafi, da gishiri kaɗan.

Juma'a ta zo, mai gyara bai zo ba.
'Yan Quiroz ne suka fito daga ƙarƙashin mota,
suka hau rufi da gwangwanin kwalta.
Ranar na fara ganin fuskokinsu.

Yau a kotu nake aiki, da rigar kwat da alƙalami.
Na ɗaga hannu na rantse: ba ƙari, ba ragi.
Ina cikawa.
Amma in wata tsohuwa ta juyo da yatsu shuɗaye
ta ce da ni, "Me ya ce?"
sai in ji jirgin kaya yana tafe daga nesa,
kofuna sun fara motsi,
yawu ya ƙafe.